Sakan Huɗu, Minti Biyar

Wayata ta yi ƙara sau sittin da uku a ranar Talatar nan, kuma a cikin sittin da ukun kira ɗaya ne kacal na ɗan Adam. Matata ce. Shi ma na kashe shi ban duba ba.

Bari in faɗi aikina tukuna, kada a ɗauke ni mugun miji. Kamfaninmu ƙarami ne, mu tara ne a ɗaki biyu, a saman wani shagon sayar da tayoyi. Mu muka ƙera manhajar da asibitoci goma sha ɗaya suke buɗe wa marasa lafiya kati da ita, su ba su layin ganin likita. Mai ba da kati ta danna a kwamfutarta, saƙo ya zo wurin babbar na'urarmu, ita kuma ta mayar da amsa. Nawa aikin shi ne in tabbata amsar nan ba ta yi nawa ba. In ta yi nawa, akwai ƙararrawar da take bugawa a wayata.

To, Oganmu shi ya yanke lokacin da za ta riƙa bugawa, tun kafin a ɗauke ni aiki, ranar da shugaban wani asibiti ya kira shi ya wanke shi tas. Cikin wannan zafin ran ya ce duk amsar da ta wuce rabin sakan, ko guda ɗaya ce, a buga. Rabin sakan fa! Atishawa ma ta fi haka tsawo. Na'urar da take amsa tambaya dubu ɗari biyu a yini, ta yaya za a rasa wadda ta yi tuntuɓe? Sai ka ji waya ta tsala ihu, ka buɗe kwamfuta a guje, ka tarar komai lafiya lau, abin ya wuce tun kafin ka gama zama. Wata takwas ina cikin wannan. Babban yatsana ya koyi kashe waya kafin kunnena ya gama tantance ƙarar. Kar ma a ba ni shawarar in sa wa matata waƙa tata daban, na sa. Yatsan bai san waƙa ba.

Ga shi cikinta ya shiga wata na tara. Na fari ne, bayan shekara shida muna jira, muna shan tambayar dangi da kallon tausayi. Ni kuwa tunda likita ya tabbatar, ƙafata ba ta sake taka ƙasa sosai ba. Na sayi gadon jariri tun cikin yana wata huɗu, na harhaɗa shi a karkace, na kwance na sake. Mai tayoyin ƙasanmu ma ya san ranar da aka ɗiba mana.

Da na koma gida ranar Talatar, na same ta zaune a falo ta ɗora ƙafafu kan matashi, mahaifiyarta, wadda muke kira Mama, tana ninke kayan jariri a gefe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce yau ba wani abu ba ne, ƙafarta ce ta kumbura, ta so in biya in taho mata da magani. Sannan ta dube ni ido cikin ido.

"Injiniya, ranar da abin zai zo, sau ɗaya zan kira. In ka kashe, ba zan sake ba. Tasi za mu hau ni da Mama, sai dai ka ji labari."

Na san matata, ba ta barazanar da ba za ta cika ba. Shekara shida ina jiran yini guda, a ce yatsana ne zai ja min asararsa?

Washegari ko jakata ban ajiye ba na faɗa ofishin Oga. Na ce masa ƙararrawar nan ta zama mahaukaciya, ba wanda yake jin maganarta, ranar da za ta faɗi gaskiya ma kashe ta za mu yi. Ya saurare ni yana juya cokali a kofin shayi. Oga ba mugu ba ne, tsoro ne da shi, har yau muryar shugaban asibitin nan tana masa amo a kunne. Ya ce ya ji, amma shi ba ya canja doka saboda kuka. In kawo masa lamba, wadda zai iya tsayawa gaban kowane asibiti ya kare ta, in kuma gaya masa inda na samo ta.

Abokin aikina da muke zama teburi ɗaya, Lissafi muke ce masa, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya ba ka amsa da kashi cikin ɗari. Yana jin zancen ya gyara tabarau ya ce ai abu mai sauƙi ne, a tara lokacin duk amsoshin a raba da yawansu, in matsakaicin ya haura sakan ɗaya a buga. Na ce masa haba Lissafi, mutum casa'in da biyar su sami amsa nan take, biyar su tsaya su bushe a layi, rabonka zai ce kowa lafiya, su biyar ɗin ba mutane ba ne? Ya ce to in ba haka ba in gaya masa sakan nawa ne jinkiri. Wallahi ban sani ba. Shekara uku ina wannan sana'a, ban taɓa tambayar kaina a sakan na nawa ne ran mutum yake fara ɓaci ba.

Mama ce ta ba ni amsar, ba tare da ta sani ba. Da yamma tana ƙoƙarin kama wa 'yarta layin awon ciki a wayarta, ta danna, ɗan da'irar nan ya kama juyawa, sai na ji ta ja wani dogon tsaki, ta sake dannawa da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi. Na daskare da kofi a hannu. Tsaki! Ga ma'aunin da nake nema yana zaune a falona yana ninke wando.

A ranar na haɗa kwafin manhajarmu na gwaji, wanda ni nake riƙe da linzaminsa, in ga dama in jinkirta amsa sakan ɗaya, in ga dama goma. Na miƙa wa Mama na ce ta taimaka ta gwada min, na koma bayan kujera da agogon waya a hannu. Sakan ɗaya, ba ta ma lura ba. Biyu, ta ci gaba da hirarta. Uku, gira ta ɗaga. Huɗu, tsaki. Na maimaita sau biyar, duk a huɗu yake fita, kamar an saita ta a masana'anta. A bakwai kuma sai ta sake dannawa, wanda a asibiti shi ne yake buɗe wa mutum ɗaya kati biyu, ya rikita layi. Na yi tsalle na buga kaina a fitilar falo. Matata ta riƙe ciki tana dariya tana roƙona in bari kada in sa ta haihu a kan kujera.

Nan Mama ta gane abin da ake ciki. Ta ajiye wayar ta ce au, ita ce abin gwajin? Da girmanta surukinta zai laɓe a bayanta yana ƙirga mata tsaki? Na durƙusa na ba da haƙuri. Ta haƙura, amma daga nan ta ɓata min aiki gaba ɗaya, don ta ɗauki abin gasa. Sai in jinkirta har sakan goma sha biyar, ta dantse leɓe, idonta ya kawo ruwa, ta ƙi yin tsakin, wai sai ta nuna min ita mai haƙuri ce.

Dole na fita neman waɗanda ba su san dawar garin ba. Na gwada mai tayoyi, huɗu da rabi. Na gwada matar maƙwabcinmu, uku, amma ita ko sallama ka yi mata a hankali tsaki take yi, na cire ta daga lissafi. Na gwada direban Oga, wanda maimakon tsaki sai ya girgiza wayar kusa da kunnensa. Daga ƙarshe na nemi izini na yini biyu a asibitin da matata take awo, wanda yake cikin sha ɗayanmu, na zauna a kan benci kusa da teburin mai ba da kati, wata mata mai farin gilashi da saurin hannu. Ita tsakinta ba ya fita, biro take bugawa a teburi. A sakan huɗu biron yake fara aiki. Da ta gaji da ganina ta tambaye ni ko ina da mara lafiya ne, na yi mata bayani, ta ce Allah ya ba ni lafiya ni ma.

Na dawo ofis da takarda cike da tsakin mutum ashirin da shida. Sauran aikin na zauna na tono tarihin wata takwas na na'urar. Ƙararrawa ta buga sau dubu tara da 'yan kai. A ciki, matsala ta gaske, wadda sai da mutum ya sa hannu ta gyaru, sau goma sha ɗaya ce. Sauran duk da kansu suka warke, yawanci kafin minti uku. Sha ɗayan nan kuwa babu wadda ba ta wuce minti biyar ba.

Na tsaya gaban allo na rubuta dokata da manyan baƙaƙe: in amsa biyar cikin ɗari suka wuce sakan huɗu, kuma abin ya ɗore minti biyar a jere, a buga. Abin da bai kai haka ba a rubuta shi a rahoton safe, mu karanta muna shan shayi. Lissafi ya duba takardar tsakin ya fi minti goma, yana neman inda zai kama ni, sannan ya ce mutum ashirin da shida sun yi kaɗan, amma ya yarda. Oga ya amince da sakan huɗun nan take, har yana tambaya shi a nawa zai faɗo in an gwada shi. Minti biyar ɗin ne ya tsaya masa a wuya. Ya ce a mayar da shi ɗaya. Na ce in aka yi haka ƙararrawar ƙarya za ta dawo sau ashirin a yini. Na daki ƙirji, har da murmushin masana, na ce masa minti biyar ba ta taɓa kashe kowa ba, ko shayin da ke gabansa ba zai huce a cikinta ba.

Ya ce to, a gwada mako biyu. Amma da sharaɗi: in wani ya kira daga asibiti yana ƙorafin jinkiri kafin ƙararrawa ta buga, ko sau ɗaya ne, an koma rabin sakan. Na ce na ji na gani. Muka tafa.

Jama'a, shiru daɗi gare shi! Yinin farko wayar ba ta yi ƙara ba sai sau biyu, duka matata ce, duka na ɗauka kafin ta gama bugun farko. Na biyun ma ba ta da abin faɗa, ta ce gwada ni take yi. Yini na biyu na fara zargin ko na lalata ƙararrawar ne, na jinkirta na'urar gwaji da gangan, ta buga, na rungume Lissafi har tabaransa ya karkace. Na riƙa jin abubuwan da na manta suna da ƙara, fankar ofis, injin hura taya a ƙasa. Ina sauka daga bene ina tsallake matakala bibbiyu. A gida na ci abinci da hannu biyu babu waya a gefen faranti, har Mama ta ce ashe surukin nata yana da fuska, ita ƙeyarsa kawai ta sani.

Ranar Alhamis ta mako na biyu, saura yini ɗaya gwajin ya cika, ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci na safe, wayar ta yi ƙara a kan teburi. Na duba, na ɗauka.

"Ka taho," in ji ta. Muryarta ƙasa-ƙasa, ba wasa a ciki.

Ban san yadda na sauka daga benen ba. Na dai tuna na ce wa Lissafi ya karɓi ƙararrawa a wayarsa, na tuna mai tayoyi yana ɗaga min hannu biyu yana addu'a, na kuma tuna na shiga mota na zauna a kujerar da ba ta direba ba ina mamakin ina sitiyari ya tafi. A hanya dariya nake yi ni kaɗai. Na ɗauka! Sau ɗaya ta kira, na ɗauka! Na kwaso su ita da Mama da jakar da muka shirya tun wata biyu, ina tuƙi ina ba ta labarin yadda na ɗauka, har Mama ta ce in yi wa Allah in kalli titi.

Muka isa asibiti, na riƙo ta har teburin kati. Mai farin gilashin ce a kan aiki. Ta gane ni, ta ce a'a, mai ƙirga ne yau da mara lafiyar gaske. Ta karɓi lambar katin matata ta danna. Da'ira ta kama juyawa.

Bakina da kansa ya fara ƙirgawa. Huɗu, biro ya fara bugun teburi. Bakwai, ta sake dannawa. Goma sha biyu, allon ya ce a sake gwadawa. Ta ce yanzun nan ya fara wannan iskancin, mutum biyu kafin mu ma da ƙyar ya buɗe. Matata ta dafa teburin da hannu biyu ta sunkuyar da kai, wani nishi ya fito mata wanda ban taɓa jin irinsa ba, ta damƙe min damtse har sai da na ji farcenta. Wata nas ta zo da keken tura marasa lafiya, ta ce za ta shiga da ita, amma a yi maza a buɗe fayil ɗin, don a awon baya jininta ya hau, likita yana son ganin abin da aka rubuta da maganin da aka ba ta kafin ya sa mata komai.

Na zaro waya na leƙa na'urarmu. Jinkirin ya fara minti ɗaya da rabi da suka wuce. Ƙararrawa tana nan lafiyarta ƙalau, tana jira minti biyar su cika kamar yadda na koya mata. Saura uku da rabi. Lissafi yana can yana shan shayi bai san komai ba.

Na san sharaɗin Oga, ban manta ba. In na yi shiru na minti uku da rabi, ƙararrawa za ta buga, dokata ta ci jarrabawa, gobe a tafa min. In na kira yanzu, ni ne mutumin da ya kira daga asibiti. Ina jin kunyar faɗa, amma sai da na yi wannan lissafin a tsaye a wurin, na sakan biyu ko uku, ana tura matata a keke tana waiwayena. Sannan na danna lambar Lissafi.

Na ce masa ya bar duk abin da yake yi, na'ura tana nawa, matata tana ɗakin haihuwa ba fayil. Bawan Allah bai tambaye ni kashi nawa cikin ɗari ba. Na ji faɗuwar kujerarsa. Wani rahoton wata-wata ne wani asibitin ya tayar da tsakar rana, ya danne komai. Lissafi ya tsayar da shi. Mai ba da kati ta sake dannawa, fayil ya buɗe, ta tura wa likita. Duka-duka daga isowarmu minti biyu ne da 'yan sakanni. Ni na san abin da na ji a cikinsu, kuma kusan rabin abin da na ce ba ya kashe kowa ke nan.

Sauran yinin a baranda na yi shi, ina kai da komo, Mama tana zaune tana jan addu'a tana cewa in zauna na sa mata jiri. Wajen ƙarfe huɗu nas ta leƙo ta ce mace ce, uwa da 'ya lafiya. Na rungume nas, na ba ta haƙuri, na rungume Mama, na ba ta haƙuri ita ma, na zauna a ƙasa na yi kuka da majina a gaban mutane, ban ji komai ba.

Kafin a bar ni in shiga na kira Oga da kaina, na ce masa an kira daga asibiti kafin ƙararrawa, kuma ni ne. Ya yi dariya har da tari. Ya ce rabin sakan dai ya mutu, ba mai tono shi, amma minti biyar ɗin nan fa? Na ce a bar wa masu karɓar layin awo da ganin likita biyar ɗinsu, teburin haihuwa da na gaggawa kuwa a mayar da su minti ɗaya, in ƙararrawar ƙarya ce ma ta buga, ni zan ɗauka. Ya ce ai abin da ya faɗa ke nan tun farko. Na ce rabinsa ya faɗa. Ya ce in je in ga 'yata.

Tana kwance an naɗe ta a farin zane a gefen uwarta, jajir, fuska a yamutse, hannu a dunƙule, mafi kyawun abin da na taɓa gani. Matata ta gaji liƙis, leɓenta a bushe. Na ja kujera na zauna, abin yana cina, na kasa riƙe shi. Na gaya mata tsayuwar nan da ta yi a teburin kati, da ƙararrawar da ba ta buga ba, aikina ne, ni na yanke lokacin da hannuna, har ina alfahari. Na gaya mata har da sakan ukun da na tsaya ina lissafi. Ta saurare ni ido a lumshe, har na zaci barci ya ɗauke ta.

"Ni ban ƙirga komai ba, Injiniya," ta ce. "Na kira ka ɗauka. Da aka tura ni na waiwaya, na gan ka a tsaye."

Ta ɗan ja zanen daga fuskar yarinyar, ta ce in wanke hannu tukuna, sannan in tallafi kan da kyau.